Ni na shirya wa Umma tafiyar ganin teku, ƙanwata ta tafi da ita a ɓoye

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya tsaya mini a rai, ya ƙi wucewa. Maigidana ya gaji da jin sa, ƙawayena kuwa ba zan iya kai musu ƙarar 'yar'uwata ba. Ki yi haƙuri idan na yi tsawo.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin yara nake aiki. Mu uku ne a wurin mahaifiyarmu: ni ce babba, sai ƙanena da ke aiki a nesa, sai Auta. Auta tela ce, shagonta a ƙofar gidan Umma yake, kuma tun rasuwar Babanmu ita da mijinta suka koma sashen baya na gidan don kada Umma ta zauna ita kaɗai.

Umma ba ta taɓa ganin teku ba. Marigayi Babanmu direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa. Duk dawowarsa sai ya ba ta labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ya ce wata rana zai kai ta. Har ya koma ga Mahaliccinsa wata ranar ba ta zo ba. Bayan ta gama takaba na riƙe hannunta na ce ni zan kai ta, in Allah ya yarda. Dariya ta yi, ta ce mai ciwon gwiwa ina ita ina teku.

Anti, ban ɗauki maganar da wasa ba. Lokacin hutuna a wurin aiki, abokan aiki na cin abinci suna hira, ni ina kan waya ina bincike. Na zaɓi manyan birane uku da ke jere a bakin teku, waɗanda jirgin ƙasa ke haɗa su, don kada mota ta jijjiga ta. A na farko, inda babbar tashar jiragen ruwan take, na samo otal mai ɗaki a ƙasa, babu matakala ko ɗaya, tagarsa na kallon ruwa, yadda ko tana kwance za ta ga jirage na shigowa. A na biyu na samo gidan saukar baƙi na wata dattijuwa a tsohon gari, wadda ta yarda in shiga kicin ɗinta in dafa wa Umma abinci marar gishiri saboda hawan jini. Mun yi ta waya da matar nan har muka saba, tana tambayata gwiwar Umma. A na uku otal ne mai na'urar hawa bene, kusa da gidan kallon kifaye. Na san inda ake hayar kujera mai taya. Na san jirgin ruwan da ke zagayawa da 'yan yawon buɗe ido wanda yake da rumfa da banɗaki. Na san hasumiyar bakin teku ba za ta hawu ba, sai na samo wani wurin shan shayi a gindinta inda ake ganin faɗuwar rana. Har lokacin da kasuwar kifi ba ta da cunkoso na tambayo.

Duk abin da na samo sai in tura wa Auta, don da ita za mu tafi. Tana tsokanata wai har inda Umma za ta yi atishawa na tsara. Ita ta ɗinka wa Umma dogayen riguna marasa nauyi. Ni dai a sanina abin namu ne mu biyu.

Gaskiya ne an ɗaga tafiyar, amma ba da son raina ba. Karon farko an soke mini hutu saboda biyu daga cikin abokan aikina sun tafi hutun haihuwa. Da na samu hutun kuma damina ta kankama, aka ce teku na hauka, jiragen yawo ba sa fita. Daga baya aka ce ɗakin nan mai taga an kama shi, ni kuwa na ce ban ga dalilin da zan kai Umma bakin teku in ajiye ta tana kallon wurin ajiye motoci ba. Auta ta yi gunaguni, na ce ta yi haƙuri zuwa baɗi.

Wata ranar da ba ni da aiki na biya kasuwa na sayo wa Umma takalmin roba mai laushi na tafiya a rairayi, na wuce gidanta. Na tarar da shagon Auta a rufe, ƙofar gida da kwaɗo. Maƙwabciyarsu ta leƙo, ta gan ni, ta riƙe haɓa, ta tambaye ni ashe ba tare muka tafi tekun ba. Anti, na rasa inda zan sa fuskata. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kwana biyu duk na kira Auta sai ta ce Umma na barci ko tana salla.

Na zauna a dakalin ƙofar gida na kira. Wannan karon Auta ta miƙa wa Umma wayar. Ina jin ƙarar igiyar ruwa a bayanta. Muryarta kamar ta yarinya, tana ce mini ashe Babanmu bai yi ƙarya ba, ruwan da gaske ba shi da ƙarshe. Sannan ta tambaye ni yaushe zan iso, wai Auta ta ce ni na ce su yi gaba zan same su, ga gadona nan a ɗakin an gyara. Na ce aiki ne ya riƙe ni. Ni ce kuma na rufa wa Auta asiri da bakina.

Ba su sauya komai ba. Otal ɗin da na zaɓa, jirgin da na zaɓa, wurin shayin da na zaɓa. Dattijuwar nan ta kira ni tana yaba Umma, tana jajanta mini rashin zuwa. Birni na ukun kawai suka bari saboda Umma ta gaji. Da suka dawo gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, Umma na ta ba da labari tana cewa Autarta ta kai ta teku, Allah ya yi wa Auta albarka. Ni kuwa ina raba wa baƙi ruwa.

Na sami Auta a shago na tambaye ta me na yi mata. Ko ƙafarta ba ta ɗauke daga kan keken ɗinki ba. Ta ce watanni da suka wuce ta kai Umma wurin likitan ido, aka ce hawan jinin ido ne, ido ɗaya ya kusa daina gani, ɗayan ma ganinsa yana raguwa. Wai Umma ta sa ta yi alkawarin ba za ta gaya mini ba, don ta san zan soke tafiyar in yi ta yawo da ita asibitoci. Ta ce da ta sanar da ni da na hana. Ta ƙare da cewa ni na iya shiri, ita ta iya tafiya. Ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Ni da nake ma'aikaciyar jinya, uwata na rasa ido, tela ta sani ni ban sani ba! Tun ranar ban sake yi wa Auta magana ba, gaisuwa ma sai a gaban Umma. Zuwa gidan ma na rage, sai na tabbata ta fita. Ƙanenmu ya kira yana cewa in yi haƙuri ni ce babba. Kullum ni ce babba. Anti, in faɗa wa Umma gaskiya ta san ƙarya aka yi mata, kuma ni na tsara duk abin da ta ji daɗinsa? Ko in yi shiru in fita harkar Auta? Wallahi idan na tuna ba na wurin ranar da Umma ta fara ganin teku, sai in ji kamar an yi mini sata.

Taki,
Wadda aka bari a gida

*

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ce miki abin ba komai ba ne. An yi miki ba daidai ba. Auta ta yi miki ƙarya, ta yi wa Umma ƙarya da sunanki, ta bar ki kika ji labari a bakin maƙwabciya. Ko da tana da dalilin gaggawa, hanyar gaskiya a buɗe take: ta same ki ta ce ranar kaza za ta tafi da Umma, ko da ke ko ba ke. Da kun yi faɗa, amma da kin samu damar zaɓa. Wannan damar ce ta ƙwace miki, kuma a kanta kina da haƙƙin a ba ki haƙuri.

Yanzu ki juyo ki tsaya inda Auta take. Ita ke kwana ta tashi da Umma. Ita ke ganin ta laluba kofi a kan tebur. Tana riƙe da maganar likita, an ɗaure mata baki, ga yayarta na cewa sai baɗi saboda taga. Ɗagawar farko ba laifinki ba ce, ta biyu ma da hujja. Ta ukun kuwa, ki yarda da ni, son a yi abu babu aibi ne ya rinjaye ki. Ba ki san lokaci ya ƙure ba, ita ta sani. Hanyar da ta bi ba ta da kyau, amma ban ga alamar don ta ƙona miki rai ta yi ba. Da kishi ne, da ta sauya tsarinki ta ce nata ne. Ta bi shi tiryan-tiryan ne don ta san babu wanda ya fi shi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne rage zuwa gida da kika yi. Kina fushi da Auta, Umma ce ke biya. Matar da ganinta ke raguwa, fuskarki na cikin abubuwan da take bukatar gani. Ki koma zuwa yadda kika saba tun wannan makon. Ki gaya mata a hankali kin san maganar idon, ba faɗa, ba tuhuma. Ki karɓi ranar komawa wurin likita ki raka ta, ki tabbatar tana ɗiga maganinta a kan lokaci. Nan ne iliminki zai yi aikin da babu mai yi mata shi. Ki kuma tambayi kanki me ya sa ta ji tsoron gaya miki. Wani lokaci kulawarmu kan yi wa iyaye nauyi har su riƙa ɓoye mana ciwo.

Maganar ƙaryar kuwa, kada ki kai wa Umma. Za ki ɓata mata tafiyar da ta jira shekara da shekaru, ki bar ta da baƙin cikin 'ya'yanta sun rabu a kanta. Amma ba laifi ta san hannunki na ciki. Ki zauna ki sa ta ba ki labari. In ta zo kan tagar nan ki ce ai saboda gwiwarta kika zaɓi ɗakin. Ina kyautata zaton ta riga ta sani. Uwa ta san wace ce a cikin 'ya'yanta za ta tuna da maganar gishiri.

Ita kuma Auta, ki kira ta gidanki, ku biyu kawai, ba a shago tana aiki ba. Ki ce mata ba a kan tafiyar kike ƙorafi ba, a kan ƙaryar ce. Ki faɗi abin da ya yi miki ciwo, ki yi shiru ki saurare ta. Ƙanne da yawa kan taurare ne idan kunya ta kama su. In ta ba da haƙuri ki karɓa. In ba ta bayar ba a ranar, kin dai sauke naki, kuma ku yi yarjejeniya cewa daga yau babu ɓoye-ɓoye a kan lafiyar Umma.

Sannan ki nemi hutu, ko na kwana kaɗan ne. In likita ya amince, ki ɗauki Umma ku tafi birnin da ba su kai ba. Birni ɗaya ya isa. Ki kama ɗakin da ya samu matuƙar babu matakala, ki zaɓi wuri ɗaya ko biyu na gani, sauran lokacin ku zauna a bakin ruwa ku yi hira. Ganin farko ya wuce, ba zan yaudare ki ba, babu mai dawo miki da shi. Amma Umma tana raye, tana tambayar yaushe za ki iso. Wannan karon ki sa rana, kada ki ɗaga.

Allah ya ba Umma lafiya, ya jiƙan Babanku, ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninki da ƙanwarki. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Antinku