Ni Ce Na Kashe Masa Ƙwayoyin Idon Ɓeraye

Assalamu alaikum Malama, da ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a fara zagina, domin abin ya cika mani ciki.

Ni 'yar Cadawa ce, na yi karatun kimiyya, shekarata tara ina aiki a wani ɗakin bincike a birni. Aikina ba kowa ke son jinsa ba. Fararen ɓeraye muke kiwo. Nakan ciro idon ɓera, in tsaga shi ƙarƙashin madubin likita, in ɗago 'yar fatar nan ta bayan ido mai karɓar haske, wadda ta fi fatar albasa laushi. Sai in jiƙa ta cikin wani ruwan magani da ke sassauta nama, har ƙwayoyin jijiyar gani su rabu ɗai-ɗai, in raine su a akwatin ɗumi domin a gwada magungunan makanta a kansu. Da can kwana biyu suke yi su mutu. Shekara uku na yi ina gwaji, bayana na ciwo, idona na ruwa, kafin na gano cewa minti goma sha biyar ya kamata su yi cikin ruwan, ba fiye ba. Daga nan suka fara rayuwa har sati uku.

Sai aka kawo mana wani ɗalibi mai neman digirin dakta, mutumin Gidan Rumji, bari in kira shi Isufu. Farfesanmu ya ce in riƙe shi kamar ƙanena, kuma na riƙe shi. Ni nake fiɗar, shi yana ɗaukar hoto. Ranar da baƙi masana suka zo daga waje, ina tsaye a baya da tiren shayi, na ji shi yana cewa, "Wannan hanya ni na gano ta." Wata baƙuwa ta nuna ni, ta tambayi aikina. Ya yi dariya ya ce, "Madam ce, tana wanke mana kwalabe." Kwalabe! Ni da na koya masa riƙon almakashi? Farfesa yana wurin, ya sunkuyar da kai. Da takardar binciken ta fito, ko a wurin godiya babu sunana. Na same shi a buro, wato ofishinsa, na ce, "Isufu, ina sunana?" Ya ce, "Yaya, ai ba a sa sunan ma'aikata, haka tsarin yake."

Da Innata ta kwanta ciwo na ɗauki dogon hutu, Isufu ya roƙe ni in rubuta masa hanyar dalla-dalla. Na rubuta komai daidai, sai wuri guda: inda ya kamata in sa goma sha biyar, na sa arba'in da biyar. Na ce a raina, wanda ya gano hanya ai zai gane kuskure.

Bai gane ba. Wata huɗu ke nan duk abin da ya zuba sai ya narke kamar kunu. Baƙin sun dawo don ya nuna masu da hannunsa, ya kasa a gabansu. Ba zan yi maku ƙarya ba, da labarin ya iske ni ina cikin daka wa Inna fura, sai da na ajiye taɓarya na yi dariya har da hawaye. Kunyar da nake ji ta ɓerayen ce, kusan sittin da ya yanka a banza, alhali ni na san dalili. Wace amsa zan ba Allah a kansu?

Yanzu abin ya wuce inda na nufa. Ana zargin hotunan farko ma ƙirƙira ya yi, kwamiti zai zauna a kansa sati mai zuwa, ana maganar kora da rufe binciken gaba ɗaya. Ni kuwa na san hotunan gaskiya ne, tunda aikin hannuna ne. Ranar Juma'a ya hau mota har Cadawa, ya durƙusa a zauren gidanmu ya ce, "Yaya, ki rufa mani asiri, matata na da tsohon ciki. Ki zo ki yi sau ɗaya a gabansu, ki ce tare muka saba yi." Na jira ya ce ya zalunce ni. Wallahi na jira har ya shanye ruwan da na kawo masa. Bai ce ba. Inna ma daga ɗaki tana cewa, "Ki taimaki yaron mutane mana."

In na faɗi gaskiya duka, ni ma korata za a yi. In na gyara a ɓoye, ya sake hayewa kan gumina. In na yi shiru, ya faɗi, kuma zuciyata har yanzu hakan take so, amma aikin shekaruna zai faɗi tare da shi. Jama'a, saura kwana shida. Me zan yi?