Ƙyallen Kabarin Mak

Litinin, 22 ga Afrilu

Shekara uku ke nan da mahukunta suka kewaye maƙabartar Bukit Serai da shingen ƙarfe, suka kafa allo wai wurin tarihi ne, yana ƙarƙashin kariya. Kariya daga wa? Daga mu, 'ya'yan mutanen da ke kwance a ciki. Ni da na koyar da tarihin Singafo har furfura ta cinye mini kai, yau uwata ma, Mak kamar yadda muke kiranta, sai dai in leƙa ta ta tsakanin sanduna.

Laraba, 24 ga Afrilu

Yaya Saodah ta bugo waya. "Sapari, azumi ya ƙarato. Ƙyallen Mak ya isa canji tun tuni. Ko sai na turo keken guragun nan na je da kaina?"

Duwatsun kaburburan wurin ba su da suna, mutanenmu ba su da kuɗin sassaƙa. Kowane gida da ƙyallen da yake naɗa wa dutsensa kafin azumi, da shi muke gane namu. Na Mak fari ne mai koren zare a baki. Na ce ta ɗinka sabo. Bana zan shiga, da izini ko babu.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na tarar da Rajoo mai gadi a ƙofa. Tsohon ɗalibina ne, ya riga ya yi sanƙo, amma har yau Cikgu yake ce mini, wato malam, kamar muna aji. Na gaya masa zan shiga.

"Cikgu, za a ci ka tara fa, ko a kai ka kotu."

Na ce su kai ni, ina da rigar zuwa kotu a goge.

"Da gwiwar nan za ka haura shinge? Ai motar asibiti zan fara kira kafin 'yan sanda."

Ja'iri. Daga baya ya ce ran Asabar da safe yakan tafi shan shayi, kuma makullin ƙofar nan ba shi da kirki.

Alhamis, 2 ga Mayu

Ƙyalle ya samu. Na sayo ruwan wardi da ganyen pandan mai ƙamshi a kasuwar Geylang, na zubawa a kan kabari. Su zo su kama ni da su a hannu.

Asabar, 4 ga Mayu

Na shiga.

Ashe masanansu sun kwance ƙyallayen duka, wai danshi ke cin dutse. Sun wanke, sun daidaita waɗanda suka karkace, sun aske ciyawa. Duwatsu reras, kai ɗaya, fuska ɗaya. Na bi layi ina shafawa. Nan ne? Ko na gaba? A da idona ƙyalle kawai yake nema, ban taɓa tsayawa na kalli dutsen ba.

Rajoo ya dawo ya same ni tsaye da kwalba a hannu. "Cikgu, wanne ne?"

Na ce masa ya kama gabansa.

Lahadi, 5 ga Mayu

Gobe azumi. Yaya ta bugo sau biyu, ban ɗauka ba tukuna.

Rajoo ya aiko cewa Asabar mai zuwa ma zai je shan shayi. Na ce ya zauna a bakin aikinsa. Ba don tsoron tararsu ba, kada wani ya ce haka. Gwiwa ce.

Na ninke ƙyallen na sa a akwati. Ban san kabarin uwata ba.