Gambar iyaka da tarwaɗar Juma'a

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya san ƙauyenmu a gefen Minjibir zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da yatsa ɗaya nake rubutun nan kuma raina a ɓace, wanda ya ga kuskure ya haɗiye.

Ɗan ƙanina, mu ce sunansa Sabi'u, ya dawo daga birni shekarar da taki ya gagari talaka, ya ce zai haƙa ramukan kifi a fadamarmu ta gado. Na yarda, don a lokacin har masu gemu tuwo sau ɗaya suke ci. Fadamar tana maƙwabtaka da ta Tabawa, mijinta ya rasu, da 'yar albasar rani take ci da marayu. Mu nan ba a kafa dutse a iyaka, gamba ake dasawa a jere, ita ce shaida, duk shekara a yanka a raba a yi zana. Ranar da katafila ta zo ina zaune a gindin mangwaro gwiwa ta riƙe ni, direban ya tambayi iyaka, na ɗaga sanda daga zaune na ce can wajen gamba. Bawan Allah ɗan birni ne, ya ɗauka ciyawa na ce ya share. Kafin in miƙe ya tuge ta kaf, ya ci gaba da haƙa cikin gonar mutane.

Na yi wa Sabi'u magana, ya ce Baba ai taku biyu ne, za a gyara. Taku biyun ƙaniyarsa! Rabin rami na uku a gonar Tabawa yake. Ya kafa inji yana zuƙar ruwa safe da yamma, 'yar rijiyar da take ban-ruwa da ita ta koma taɓo, ruwan kifin mai wari kuma ya sako mata shi ya kwanta a kan albasa ta ruɓe. Na ce ya ja magudana, ya kira ni tsohon yayi, wai ban san development ba. Ni da na yi masa huɗuba a kunne.

To ga inda nawa laifin yake. Duk Juma'a yana aiko min da tarwaɗa biyu manya, ni kuma haƙorana huɗu, tarwaɗa ba ta neman haƙori. Shekara biyu ina ci, bakina ya mutu. Kuma gaskiya ramukan sun rufa wa mutane asiri, matan unguwa suna banda suna sayarwa, har da 'yata da aurenta ya mutu.

Yanzu Tabawa ta kai ƙara wurin dagaci. Gamba babu, waɗanda muka dasa ta tare duk sun rasu, saura ni. An ce ranar Asabar in je in tsaya da ƙafata a kan iyaka. Jiya Sabi'u ya zo ya durƙusa, wai in ce tsufa ya sa na manta, in ba haka ba, za a cike ramin, matan banda su zauna. Tabawa kuma ta tare ni a hanyar masallaci, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Malam, kai ka riƙe wa mijina igiya ranar da aka dasa gambar."

Wallahi ban manta ba, ko ido rufe zan taka wurin. Ina jin haushin yaron, ina jin haushin direba, na fi jin haushin wannan cikin nawa.

Jama'a, in je in tsaya inda gamba take, zumunci da abincin 'yata su lalace? Ko akwai hanyar da za a mayar wa Tabawa ƙasarta da ruwanta ba a cike ramin ba? Ku amsa kafin Asabar. Tarwaɗar yau tana nan a kwano an rufe da faifai, ban ci ba, ban kuma mayar ba.