Siririyar Hanyar da Kike Bar Mini a Cikin Shinkafa

Zuwa ga Erlinda,

Pangga, masoyiyata, sanyin idona, inuwar kwakwar da nake fakewa idan rana ta take, iskar da take turo ni ta baya a kan hawa lokacin da ƙafafuna suka ce sun gaji! Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya kwana biyu bai ga fuskarki ba. Ki gaida mini mahaifinki, Tatay Venancio, ko da yake na san abin da zai ce: "Wa? Malamin nan mai matsattsen wando?"

Ranar Asabar na zo na tarar kin rufe mini hanya. Dalilin wannan takarda ke nan.

Kin tuna kakar bara? Na fito daga San Jose da sassafe tare da ɗalibaina na ƙungiyar keke, teku a hagunmu, gonaki a damanmu, masunta suna jan kwale-kwale zuwa gaɓa. Muna wuce Belison sai ga shinkafarku shimfiɗe a rabin kwalta tana shan rana, ga babbar motar fasinja ta cinye ɗaya rabin. Na ɗaga hannu, yara suka taka birki. Kina tsaye a tsakiyar shanyar da manjagara, kin naɗe fuska da tsohuwar riga a ƙarƙashin malafa, idanu kaɗai ake gani.

Kika ce, "Malam, kai da 'yan agwaginka, in taya ɗaya ta taɓa mini shinkafa, da manjagarar nan zan tsefe muku kekunan."

Na ce, "Inday, ƙanwata, wucewa kawai za mu yi."

Kika ce, "To ku wuce ta sama."

Muka saɓa kekuna a kafaɗa muka bi gefen kwata, takalmanmu na tuƙi suna ƙwas-ƙwas, muna tafiya daidai irin ta agwagin da kika kira mu. Tun daga ranar ta zama doka a ƙungiyarmu, har sababbin shiga sun haddace ta: shinkafa a kwalta, keke a kafaɗa. Ni kuwa na koma gida da idanu biyu a cikin kaina, ban san mai su ba.

Sai ranar hadarin nan. Muna dawowa daga Bugasong, muka hau tudun da ake hango teku fayau, na ga sama ta yi baƙi ƙirin a kan ruwa tana tahowa. Ku da kuke ƙasa, bayan kwakwa da gora, ba ku da hanyar ganinta. Na san abin da ruwa yake yi wa shinkafar da ta kusa bushewa: ta yi baƙi, ta tsiro a buhu, wahalar damina guda ta tafi. Na juya na ce wa yara, "Yau da hadari za mu yi tsere." Ban taɓa ganin sun tuƙa kamar ranar ba! Muka iso muna ihu, aka watsar da kekuna a ciyawa, kowa ya kama abin da ya samu. Wasu suka tuɓe hulunansu na kwano suna kwasa da su, shinkafar tana zuba ta hujojin. Tatay yana ɗaure bakin buhu yana cewa, "Ke yarinya, wannan hula ce ko rariya? Malam, abin da kake koya musu ke nan?" Buhun ƙarshe yana shiga rumfa, ruwa ya ɓarke.

A rumfar nan kika kwance rigar daga fuskarki, kika miƙo mini shayin citta da dafaffiyar ayaba. Ya zan kwatanta miki abin da na gani? Kamar in ka sha dogon hawa kana kallon tayar gaba kawai, ka ɗaga kai ka ga teku gaba ɗaya ta buɗe. Na ƙona harshena da shayin ban ji ba, sai washegari.

Asabar ɗin da ta biyo baya, na ɗaga hannu za mu sauka kamar kullum, sai na ga abin da kika yi. Kin ja manjagara daga farkon shanyar har ƙarshenta, kin bar siririyar hanya, faɗinta bai fi tafin hannu ba, miƙe sambal kamar an ja ta da zare. Ko kallonmu ba ki yi ba. Muka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi numfashi mai ƙarfi. Na daɗe ina fama da yaran nan su koyi riƙe layi ba tare da kan keke ya yi rawa ba. Tsoron manjagararki ya koya musu a safiya ɗaya.

Daga ranar, duk Asabar ɗin da aka baza shinkafa, hanyata tana nan. Na tuƙa a wurare da yawa, Pangga. Na bi gaɓar tekun nan har inda kwalta ta ƙare, na ratsa gonakin rake, na gangaro daga duwatsu iska tana kuka a kunnena. Babu hanyar da na taɓa bi da zuciyata take bugawa kamar wannan 'yar siririyar, ƙamshin sabuwar shinkafa yana tashi dama da hagu, ke kuma kina can ƙarshe kina yi kamar ba ki san da zuwana ba.

Ranar Asabar ɗin nan babu ita. Shinkafa ta rufe ko'ina, kin ba mu baya. Muka sauka muka saɓa kekuna. Muka bi gefen kwata muka wuce.

Sai da muka tsaya shan ruwan kwakwa a rumfar dattijuwar nan Manang Pacing na gane. Tana sare kan kwakwa tana dariya.

"Toto Rodel, ƙanena, na ji an rufe maka titi."

Na ce, "Manang, wa ya gaya miki?"

"Fuskarka. To ai kai ka ja. Mutumin da zai koma birnin Iloilo, ina ruwansa da hanyar ƙauye?"

"Wa ya ce zan koma Iloilo?"

"Kowa ya sani."

"Kowa daga bakin wa ya ji?"

Ta miƙo mini kwakwar, ta ce, "Sha, kada ta yi zafi."

To ga gaskiyar maganar daga bakina. An kira ni. Wata makaranta a birnin tana neman mai horar da 'yan keke, kuma sun ce ni suke so. Tituna a can sumul suke, har da layin keke na musamman da aka shafa wa fenti, ba shinkafa, ba ɓauna kwance a kwana, ba kare mai bin agara. Na je na gani, na gode musu, na ce a'a. Na ba su amsar tun kafin Manang ta fara rabon labarin tare da kwakwarta. Niyyata in faɗa miki ranar Asabar, ido da ido, a ƙarshen hanyata. Sai na tarar babu hanyar.

Kada ki ɗauka na ɗora miki nauyin wannan shawara. Ina da yara a nan da suka fara tuƙi da aron keke, yanzu suna iya kaiwa Bugasong su dawo suna waƙa, ba zan bar su a tsakiyar hawa ba. Kuma layin da aka yi wa fenti na kowa ne. Wa zai tashi da sassafe ya ja shi da hannunsa saboda ni kaɗai?

Erlinda, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gona, fitilar masunci da ke nuna masa gaɓa! Me zan yi da titi mai santsi in ba ya biyowa ta ƙofar gidanku? Ina amfanin gangare mai daɗi in ba ke ce a ƙasansa ba? Satin nan ina tsaye gaban allo ina koyar da taswira, na ja layi da alli, sai na tsaya ina kallonsa har ɗalibai suka fara tari.

Tatay ya taɓa ce mini, "Mai son zama a gidana, ya fara sanin nauyin buhuna." Na san shi yanzu, kafaɗata shaida ce. Saura in zo yadda ya kamata. Mahaifiyata ta riga ta goge rigarta ta zuwa coci, kawuna ya ce a shirye yake ya yi magana a madadinmu. Ranarki kawai suke jira.

Asabar mai zuwa zan zo ni kaɗai, ba yara. Zan sa dogon wando, ko da sarƙar keke za ta ci bakinsa, don kada Tatay ya sami abin faɗa. In na tarar da hanyata a buɗe, zan bi ta har ƙarshe, in jingine keken a jikin rumfa, in kama hannun Tatay in ɗora a goshina kamar yadda muke gaida manya, in roƙe shi ranar da zan kawo manyana.

In kuma na tarar da ita a rufe, zan sauka in saɓa keken a kafaɗa in bi gefen kwata. Ba zan taka miki ko ƙwaya ɗaya ba. Amma ki sani zan dawo Asabar ta gaba, da wadda ke bin ta. In an kwashe shinkafar bana, zan jira ta baɗi.

Naki, a kan keke ko da keke a kafaɗa, har ƙafafun nan su daina juyawa,

Rodel