Wayar da Surukina Ya Sayar Mini Don Koyon Japananci

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Ni dattijo ne na haura saba'in, da wayar maiɗakina nake leƙowa in karanta, ban taɓa rubutu ba sai yau da abu ya tsaya min a wuya. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu sanin harkar waya.

Ni mutumin Daura ne. Zamanin Udoji ina saurayi na samu aiki a wata masaƙa a Kaduna, aka haɗa ni da wani injiniya ɗan Japan da muke ce wa Sannu-Sannu, don ita ce Hausar da ya fara iyawa. Mutumin nan ya riƙe ni kamar ƙaninsa. Ranar da inji ya kama min hannu shi ya kai ni asibiti a motarsa, ya zauna har aka gama ɗinki. Da aka ba mu kuɗin ƙarin albashi na Udoji abokaina suka sayi babura, ni na sayi 'yar rikoda, in an tashi hutun rana ya faɗi kalma da yarensu in ɗauka a kaset, ni ma in faɗa masa da Hausa. Shekara huɗu muka yi ya koma ƙasarsu, daga baya na dawo gida na kama gyaran injin niƙa.

Bayan Babbar Sallah wani tsohon abokin aikinmu ya kira ni ya ce 'yar Sannu-Sannu na cigiyata. Ashe yana raye, amma ya samu shanyewar ɓarin jiki, Turancin ya ɓace masa, yarensu kawai yake ji. Ta ce yana yawan kiran sunana. Mun yi da ita za ta haɗa mu ta bidiyo ƙarshen watan gobe, ni kuma abin da ya rage a kaina bai wuce gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma ba. Ina so ko magana biyar ce in faɗa masa da bakina, ba sai an yi min tafinta ba.

Sai na sayar da tunkiyata na tafi shagon mijin 'yata, tunda sayar da waya ce sana'arsa. Ya tarbe ni da fara'a, na faɗa masa abin da ke tafe da ni, har ya ce in nuna wa abokansa da ke shagon yadda mutanen Japan ke gaisuwa, na miƙe na sunkuya na yi musu. Ya ba ni wata 'yar na'ura mai magana, da na kunna a gida na ji yaren China ne. Da na mayar ya ce ai Baba duk ɗaya ne. Sai ya ɗauko wata waya ya ce ta Landan ce, ya sa min manhajar koyon yaren, kuma tsakani da Allah tana yi, ta furta kalma in maimaita.

Kwana uku ina jin daɗinta, ina neman inda zan ɗauki muryata in saurara sai na faɗa wajen bidiyo. Ashe tsohuwar wayarsa ce, bai ma goge ba. Na ga kaina a shagonsa ina sunkuyawa, an ɗauke ni ban sani ba. Bidiyo na biyun bayan na fita aka ɗauke shi. Ya ja idanunsa da yatsu yana sunkuyawa yana kukan akuya, abokansa na faɗuwa don dariya, sannan ya ce, “Ƙafa ɗaya a kabari yana koyon yaren arna, ko da Japananci za a yi masa tambayar kabarin?”

Wallahi nan take na kife wayar. Mutumin da ke cire takalmi tun daga zaure in zai gaishe ni, wanda ko sadaki ban yanka masa ba na ce ya kawo abin da ya sawwaƙa. Yau kwana shida ban yi karatu ba, in na ɗauki wayar sai in ji kamar na taɓa ƙazanta.

Maiɗakina ta ce in kira 'yata in nuna mata ta san wanda take zaune da shi. Ƙanina ya ce kul, yarinya da 'ya'ya huɗu ga tsohon ciki, in goge in ci gaba da karatuna, wai shirmen yaran zamani ne. Har suka yi sa-in-sa a gabana, ta ce ai shi ma ya daɗe yana yi min dariyar karatun nan a bayan ido, ya tashi ya fita bai musa ba.

Wani malamin makaranta a Zango ya ce akwai ƙamus na lantarki na hannu a Kano, amma da Turanci yake fassara, nawa Turancin kuwa na masaƙa ne. Wani ya ce ana samun ƙaramin tablet mai araha a Kongolam, bakin iyakar Nijar, sai dai batirinsa ba ya daɗewa, ga halin wutarmu. Ni dai ina son abu mai manyan baƙaƙe don idona ya yi rauni, mai ƙarar murya, wanda zai yi aiki ko babu data. Kuma ba ni da wata tunkiyar, sai na mayar da wannan zan iya sayen wata, in na mayar kuwa dole in faɗi dalili.

To wanne zan saya a cikinsu, ko in danne zuciyata in yi da wannan tunda kwanaki na tafiya kuma mutumin can ba lafiya gare shi ba? In gaya wa 'yata ko in rufe? Jibi Juma'a surukin nawa zai zo bayan an sauko daga masallaci, zai durƙusa ya ce Baba ya karatu. Me zan ce masa?