Lita Ashirin ta Zumar Hajjo

Ranka shi daɗe, ka taimake ni, na yi alkawarin abin da ban san girmansa ba.

Ni mai amya ne a Kajiji, zuma nake ɗiba. Ina son Hajjo, wadda in ta ratsa ta ƙarƙashin itatuwana da tulu sai in manta ƙudan zuma na harbi. Ita ma ta yarda. Mahaifinta, Malam Mijinyawa, ya daɗe yana fatauci a ƙasar Faransa. Da na durƙusa gabansa, sai ya ce in kawo zuma lita ashirin kafin kaka, a ɗaura aure. Kaina na sunkuye na amsa. Wa zai ɗaga ido ya tambayi suruki mece ce lita?

Mu kwalba muka sani, da gora, da garwar kananzir. Na tambaya har kasuwar Boɗinga, wani ya ce ludayi ne, wani ya ce randa. Da hantsi nakan kishingiɗa ƙarƙashin amyoyina, in ga lita ta zama rijiya, ina ta zuba zuma ba ta cika, Hajjo na zaune a bakinta tana jirana har ta yi furfura. Wallahi tsoro nake ji. Garwa ɗaya na tara. In haƙura?

Mai Amya, Kajiji

Mai Amya, tashi zaune, rijiyarka ba ta da zurfi.

Lita mudun ruwa ne na Faransawa, kamar galan a wajen Ingilishi. Kwalba huɗu irin ta kanti, wadda shida ke cika galan, lita uku ce. Garwarka galan huɗu take ci, wato lita goma sha takwas da ɗan ɗori. Ƙara kwalba uku, ka wuce ashirin.

Ban ga mugunta a wajen Malam Mijinyawa ba, bakinsa ne ya saba da awon can. Kunyarka ma tarbiyya ce, amma ai don irin wannan ake da waliyyi. Da ka tura kawunka ya tambaya, da tuni an sa rana.

Bar kwanciya da hantsi, ka hau itace. Kwalba uku ce tsakaninka da Hajjo, kuma jaki ɗaya zai ɗauki duka. Allah ya sa albarka, ya sa ku yi furfurar tare.