Ki Mayar da Kwanon Wayam

Gidan Yari, Kano
Agusta, 1954

Zuwa ga Hajo, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar durumina, farin watan da ya ƙi leƙowa ta tagar ɗakin nan!

Gaisuwa mai yawa, da begen da ya fi ƙarfin 'yar takardar nan. Ina lafiya, gwargwadon lafiyar mutumin da ya karance littattafai akwati biyu bai tarar da shafin da aka ce ya kama bakinsa ba. Lacca guda na yi ba izini, alƙali ya saka mini da wata goma sha takwas. Saura goma sha ɗaya.

Yaya Goni ya zo ziyara, ya kawo labarin da ya hana ni haɗiye gabzar gidan nan. Ya ce Monica, matar Augustine abokin aikina na reluwe, tana takowa daga Sabon Gari zuwa Fagge duk Talata da Asabar da kwanon shinkafa da doya, ita da tarzomar bara ta ƙona wa rumfa. Ya ce ke kuma, 'yar gidan mutunci, ba kya mayar da kwano wayam. Kin fara da ƙwan zabi. Da ƙwai ya ƙare kika sa daddawa, sai sabulu, sai 'yan kunnenki. Yanzu har tasoshin jerenki sun fara bin hanyar Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya! Monica ta san ƙin karɓa cin fuska ne, sai ta karɓa, ta biya gidan Goni tana kuka. Ta ce za ta daina zuwa, tunda abincinta ne ke kwashe miki ɗaki.

Haba, hasken idona! In ta daina, me 'yarmu Ma'u za ta ci? Mutunci za ki tuƙa mata?

Kin tuna ranar sunan Ma'u, da Monica ta fara kawo mana kwanon nan? Washegari ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kika hana ni zama sai da na kai mata shi cike da alkaki. Na dawo sharkaf, kina ƙyaƙyata dariya a bakin ɗaki, wushiryarki tana haske kamar walƙiya a gabas. Ran nan na yi alfahari da halin nan naki. Yau shi nake roƙo ki sauke, kuma ba ni da bakin roƙo, don ni na jefa ki cikin wannan hali da dogon harshena.

Me zan iya daga nan? Igiya nake tufkawa tun safe har la'asar, hannun da ya saba alƙalami duk ya yi kanta, amma ban tufka wadda za ta kai Fagge ba. Ko wannan takarda sai gandiroba ya ga dama za ta fita.

Don Allah, zumar zuciyata, ran Talata ki wanke kwanon, ki miƙa mata haka nan. Ki dube ta ki yi godiya, shi ke nan. In kunya ta kama ki, ki ce mijinki ne ya hana. An riga an ɗaure shi, ƙarin laifi ɗaya ba zai dame shi ba.

Naki jiya, naki a bayan katangar nan, naki har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Abdulmuminu